Tsuntsayen Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Kallo da Ɗaukar Hoto

Tun ranar da na fara nuna wa mutane hotunan tsuntsayen gidanmu a waya, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini, a majalisa, a wurin ɗaurin aure, har a layin gidan mai. Wasu da gaske suke, wasu tsokana ce kawai. Na tattaro su nan wuri ɗaya. Yawancin abin da zan faɗa a tsakar gida guda na koye shi, a Zariya, gida mai darbejiya ɗaya, gwanda biyu, da katangar bulo da ba a yi wa filasta ba.

Kallon tsuntsu kuma? Wannan ba aikin Bature ba ne, ko na wanda ya rasa abin yi?

Wanda ya raɗa wa tsuntsu suna ragon maza, sai da ya zauna ya ga yadda yake saɗaɗawa cikin ciyawa yana jan jiki, ba ya tashi sama sai dole ta sa. Wanda ya ce sha-kauci ya san furen da yake kiwo a kai. Haka babba-da-jaka, haka carkin giwa. Manomin da ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka ya san lokacin sharar gona ya yi, ba ya jiran rediyo ya gaya masa. To ka ga kallon tsuntsu gadonmu ne. Littafin rubutu da kyamara ne kawai baƙi a cikin harkar.

Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Ba sai ka je Yankari za ka fara ba. Ni daga kan tabarma a ƙofar ɗakina na ƙirga talatin da ɗoriya, in an haɗa da masu wucewa ta sama irin su shirwa da balbela.

Da me zan fara?

Da ruwa, ba da hatsi ba. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace a shafin nan. A Ingila da Amurka, inda harkar ajiye wa tsuntsaye abinci ta yi ƙarfi, sanyi ne yake kashe su, ƙanƙara ta rufe ƙasa su rasa abin tsattsaga. Mu a nan ƙishirwa ce matsalar. Daga Fabrairu zuwa Mayu kududdufai sun ƙafe, rafi ya zama yashi, amma ƙwayar ciyawa tana nan a ƙasa. Wanda ya ajiye ruwa a wannan lokaci shi ne mai babbar kasuwa a unguwar.

Ka nemi kasko na ƙasa mai faɗi. Ya fi roba da kwano: yana sanyaya ruwa, kuma kaushinsa yana ba ƙafar tsuntsu abin kamawa. Zurfin ruwan kada ya wuce gaɓa biyu ta yatsa, wato santimita 3 zuwa 5, ka kuma sa dutse a tsakiya wanda kansa ya ɗan fito, saboda ƙanana su sami wurin tsayawa. Ka ajiye shi a inuwa, ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo biyu ko tsohon turmi da aka kife. Ya zama akwai bishiya ko lalle taku uku ko huɗu daga wurin, inda za su fake in shaho ya kawo hari, amma kada ka cusa kaskon cikin duhuwar, nan kyanwa take laɓewa.

Wata dabara da ta ninka mini baƙi: na huda gorar roba da allura, na rataye ta a reshe saitin kaskon. Ɗigon nan, ɗis, ɗis, da motsin da yake sa ruwa ya yi, daga nesa suke hango shi.

Kuma ruwa yana kawo wanda hatsi ba zai taɓa kawowa ba. Sha-kauci ba ruwansa da gero, masu cin ƙwari ma haka, amma kowa yana sha, kowa yana wanka. Ka zauna wata ranar Maris wajen ƙarfe biyu, za ka ga kurciya ta sauko baki buɗe tana haki. Ka lura da yadda take sha: tana tsoma baki ta zuƙa kamar doki, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Gwara da ke gefenta kuwa sai ta ɗiba, ta ɗaga kai sama, ta haɗiye, ta sake ɗiba. Dangin tattabara suna cikin tsirarun tsuntsayen da ke iya wannan zuƙar.

Ruwan ba zai tara mini sauro ba?

Sauro yana buƙatar kimanin mako guda ko fiye daga ƙwai zuwa mai fiffike. In kana zubar da ruwan kullum da safe, kana goge kaskon da soso kafin ka sake cikawa, ba zai sami wannan makon ba. Wanda ya san ba zai iya canzawa kullum ba, gara ya bar abin baki ɗaya.

To abinci fa, me zan zuba?

Gero shi ne sarki. Kowane mai cin ƙwaya yana iya shi, daga kurciya har ɗan mitsitsi. Sai tsakin dawa ko na masara, sai acca in kana inda take da araha, ƙananan tsuntsaye suna sonta ƙwarai. Masu cin 'ya'yan itace kuma, ɓarin gwandar da ta nuna lugub, ayabar da ta yi baƙi, ko mangwaron da ya faɗo, a soke a ƙusa ko a reshe.

Tafi ɗaya ya isa da safe, a faifai ko tiren da aka huda gindinsa. Abin da bai ƙare ba kafin magariba, na ɓera ne.

Abu uku ne ban yarda da su ba. Na farko iri na shuka wanda aka gauraya da magani, mai hodar nan ja ko ruwan hoda: guba ce, kuma an sha kashe tsuntsaye da shi ba da niyya ba. Haka hatsin da aka sa wa maganin ƙwari a buhu. Na biyu gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubar fumfunar tana lalata hanta, ta tsuntsu da ta mutum. Na uku sauran abinci mai gishiri da mai. Burodi ba guba ba ne, cika ciki ne kawai ba amfani.

Wanda ke da fili, shuka ta fi duk wannan. Zogale yana kawo sha-kauci idan ya yi fure, 'ya'yan darbejiya da na cediya da durumi kuwa walima ce. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Na ajiye yau kwana uku, ko ɗaya bai sauko ba.

Sun gani. Tantama suke yi. Tsuntsun da ya girma a unguwar da kowane yaro yake da danƙo a aljihu yana da dalilin yin hakan. Kada ka yi ta ɗauke kaskon daga nan zuwa can, ka bar shi wuri ɗaya, ka riƙa cikawa a lokaci ɗaya. Nawa sai a kwana na tara kurciya ta fara gwadawa, kuma da ta sha ta tashi lafiya, washegari gwara suka biyo. In da damina ka fara kuwa, kada ka yi mamaki, ruwa da abinci suna ko'ina, ba wanda yake buƙatarka.

Waɗanne ne za su fara zuwa, kuma yaya zan bambanta su?

Kurciyar gida ce kan gaba: bayanta ja-ja kamar jar ƙasa, gefen fiffikenta shuɗi-shuɗi mai toka, gaban wuyanta da ɗigo-ɗigon baƙi. Ka duba ƙeyarta. In ka ga baƙin layi ya zagaye rabin wuya ta baya, ba ita ba ce, wata ce cikin danginta. Hasbiya ta kai girman tattabara, da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, ta fi son kan rufin kwano. Bardo ƙarami ne mai doguwar jela, namijin fuskarsa da maƙogwaronsa baƙi ƙirin.

Gwara kanta toka ne, bayanta ruwan ƙasa, mace da namiji kamanninsu ɗaya.

Sai 'yan mitsi-mitsin nan biyu da suka fi kowa sabo da mutane. Ba'u, wanda wasu ke kira baiwar Allah, tsawonsa santimita 10 ne kawai. Namijin ja ne, da siririn zobe rawaya a ido. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata a baki yake da gaban ido da saman gindi. Shi ne wanda ke shiga har madafa yana tsince tsaki a gindin turmi, yana kuma yin sheƙa a jinkar ɗaki ko ramin bango. Asisi kuwa ƙirjinsa da jelarsa shuɗi ne mai haske kamar sararin sama, namijin da jan tabo a kumatu, macen babu. Sunayen nan suna sauyawa daga gari zuwa gari, don haka in za ka neme su a manhaja ka rubuta Red-billed Firefinch don ba'u, Red-cheeked Cordon-bleu don asisi.

Kabare da tawaga yake zuwa, ya cinye, ya yi faɗa, ya tashi. Shaya baƙa ce daga nesa, amma bari rana ta doke ta, sai ka ga shuɗi da shunayya suna walƙiya kamar shadda sabuwar bugu, da ido rawaya. Akwai wani mai baƙin kai da ɗan tukku, baya ruwan ƙasa, ciki fari-fari, wanda tun asuba yake kuka. Littattafai suna kiransa bulbul, sunan da Larabawa ma suka san shi da shi. Shi ne zai fara huda gwandarka.

Manya ba sa cika sauka a faifai, sai dai bishiya. Kulkulu, toka mai doguwar jela da baki rawaya, kukansa kamar mutum ya ƙyalƙyace da dariya. Cilakowa mai lanƙwasasshen baki, wadda macenta ke shiga kogon itace ta liƙe ƙofar da laka, ta bar 'yar tsaga inda namijin zai riƙa miƙa mata abinci. Tsanwaka kuma kan wayar lantarki take zama, shuɗiya shar, tana jiran fara ta motsa.

Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki da jar ƙafa da ke bin ba'u. Ɗansa ne?

Ɗan riƙonsa ne. Wannan tsuntsu ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macensa, wadda ba ta da baƙin jikin, zane-zane ne da ita ruwan ƙasa, sai ta faki ido ta zuba ƙwai a sheƙar ba'u ta yi gaba. Abin mamakin yana cikin bakin ɗan: ɗigo-ɗigon da ke cikin bakinsa da launin gefen bakin daidai suke da na 'ya'yan ba'u, don haka in ya hangame, uwar riƙon ba ta da yadda za ta gane baƙo ne. Ba ya ture 'ya'yan gida, tare suke tashi. In namiji ne, yana koyon kukan uban riƙonsa, ya girma yana cusa shi cikin nasa. Macen da ita ma ba'u ya rene ta, wannan kukan take bi ta zaɓi miji. Zalaidu mai doguwar jela ɗan uwansa ne, sana'arsu ɗaya, gidan da suke kai wa ne daban.

A Jos akwai irin wannan haɗi na musamman: wani ba'u na duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa, shi ma da nasa baƙin ɗan riƙon. Af, maganar nan ta "hankaka mai da ɗan wani naka" ma tana da tushe, domin akwai tsuntsun da a sheƙar hankaka yake zuba ƙwansa.

Idan na ga wanda ban sani ba fa?

Kada ka fara da launi, launi yana yaudara, musamman a inuwa ko cikin hazo. Fara da girma: ya kai gwara, ya kai kurciya, ko ya kai hankaka? Sai baki. Gajere mai kauri na fasa ƙwaya ne, siriri miƙaƙƙe na kama ƙwari, siriri lanƙwasasshe na shan fure, mai ƙugiya na yagar nama. Sai jela, sai abin da yake yi: tsalle yake ko taku, a ƙasa yake ko a ƙololuwa, shi kaɗai ko cikin taro. Daga ƙarshe ka nemi inda launin yake, a kai ne, a maƙogwaro, ko a saman gindi.

Ka rubuta nan take, tsuntsun yana gabanka. In ka bari sai ka buɗe littafi, zuciyarka za ta ƙara masa duk abin da hoton littafin ya nuna.

Littafin da 'yan harkar ke riƙewa a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. A waya akwai manhajar Merlin ta jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, kana ba ta hoto ta kawo maka sunayen da suka yi kama. Ta fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, musamman wajen gane kuka, don haka ka ɗauki amsarta a matsayin shawara, ba hukunci ba.

Kabarena masu baƙin kai sun ɓace da rani. Ina suka tafi?

Suna nan, riga suka canza. Baƙin kai da rawayar nan mai haske kayan neman aure ne, na damina. Da kaka ta wuce sai namijin ya zubar da gashin ya koma kamar macen, ɗorawa-ɗorawa mai duhu. Zalaidu ma yana yar da doguwar jelarsa. Shi ya sa rani ya fi wuyar gane ƙananan tsuntsaye, ko ga wanda ya daɗe.

Masu tafiya da gaske su ma akwai. Shamuwa tana zuwa gab da damina ta yi ƙwai, ruwa na ɗaukewa ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Daga Satumba zuwa Oktoba kuma baƙin Turai suke isowa, su zauna har Maris ko Afrilu. Cikinsu akwai ɗan tsuntsu kore-kore mai bin ganye yana tsintar ƙwari, nauyinsa wajen giram 10, amma ya ƙetare Bahar Rum da Sahara kafin ya sauka a darbejiyarka.

Ni matar gida ce, ba na fita sosai. Zan iya?

Hajiya, ke ce ma kika fi mu wuri. Inda ake surfe da bakace da wanke-wanke nan tsuntsaye suke, kuma sun riga sun saba da ke. Na lura ba'u yana tsattsaga dab da ƙafar mai ɗakina tana tankaɗe, ni kuwa da na ɗaga labule sai ya tashi. Ki ajiye kaskon inda za ki hango shi daga madafa, ki sami ɗan littafi kusa. Tun kafin in gane asisi da idona, mai ɗakin nawa ta riga ta san ƙarfe nawa suke zuwa.

Dole sai na sayi madubin hangen nesa?

A tsakar gida ba dole ba ne. In za ka saya, nemi mai lamba 8x42 ko 8x32. Lambar farko sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ka guji masu alƙawarin sau 20 ko 50 da ake tallarsu a bakin titi, hannu ba ya iya riƙe su ba rawa, kuma tagarsu ƙunci ne da ita. Kafin ka biya, ka kalli wayar lantarki da shi: in ta zama biyu, ko ka ji idonka yana ja, ka ajiye musu kayansu.

Waya za ta iya ɗaukar hoto mai kyau?

Za ta iya, in ka daina jawo hoton da yatsu biyu. Wannan jawowa ba ta kusanto da komai, buɗa hoton kawai take yi ya dagule. Maimakon ka jawo tsuntsu, kai wayar wurinsa. Ka jingine ta da dutse kamu biyu ko uku daga kaskon, daidai tsayin ruwan, ka kunna bidiyo, ka koma ɗaki. Bayan minti goma ka dawo ka tsamo hotunan da kake so daga ciki. Kada dai ka bar ta a rana, za ta yi zafi ta kashe kanta.

Mai madubin hangen nesa kuma zai iya ɗora idon kyamarar wayar a kan idon madubin ya ɗauka. Da farko abin haushi ne, baƙin da'ira kawai za ka yi ta gani, amma hannu yana sabawa.

Na sayi kyamara. Me ya sa hotunana suke fita dishi-dishi?

Galibi saurin ƙiftawar kyamarar ne ya yi kaɗan. Ƙaramin tsuntsu ba ya tsayawa cik, ko yana zaune kansa yana motsi. Ka sa 1/1000 na daƙiƙa, mai tashi ko mai wanka kuwa 1/2000. In haske bai isa ba ka ɗaga ISO, wato lambar ƙarfin jin haske na kyamarar. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya dagule. Ka saita a kan idon tsuntsun. In ido ya fito tar, an yafe wa jela. Gilashin milimita 300 zuwa 400 ya wadatar a gida. In na hannu za ka saya, ka haska cikinsa da tocila ka duba ko fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo.

Sauran duk shiri ne, ba kuɗi ba. Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar, kuma rana ta kasance a bayanka. Ka sauko daidai tsayin tsuntsun, ko da za ka kwanta a tabarma; hoton da aka ɗauka daga sama ƙeya da ƙasa kawai yake nunawa. Ka kafa busasshen reshe mai kyau kusa da kaskon, ɗan sama da shi, domin kusan kowane tsuntsu sai ya tsaya ya duba kafin ya sauka, a nan za ka kama shi, ba roba ba faifai a hoton. Bayan reshen ya zama akwai tazara, mita biyu ko uku kafin ganye ko bango, sai bayan ya narke. Ni na yi wata shida ina ɗaukar asisi da bokitin wanki ja a bayansa kafin in gane abin da ke ɓata mini hoto.

Balbela fara ce fat, ka rage hasken kaɗan don kada gashinta ya wanke. Da hunturu kada ka cire gilashi a waje, ƙura za ta shige, kuma kada ka goge shi da bakin riga.

Maƙwabta ba za su zarge ni ba?

Za su iya, kuma da gaskiyarsu. Wata safiya tsanwaka ta sauka a kan katangar da ta raba mu da maƙwabci, na taka bulo na miƙa dogon gilashi. Kafin azahar sai ga sallama a zaure. Dattijo ne, ya girme ni nesa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Iyali sun ce sun ga ana leƙe da na'ura." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wallahi tsuntsu ne, amma laifina ne." Na miƙa masa kyamarar ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan tsanwakar, sannan ya ce to a riƙa yi ana kallon ƙasa. Tun ranar ban sake ɗaga gilashi sama da katanga ba, ko wane ne ya sauka a kai.

A waje kuma, kada ka nuna madubi ko kyamara wajen barikin soja, filin jirgin sama, gidan yari ko shingen bincike. In ƙauye ka shiga, ka fara da gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka.

Kyanwa, kaji, da yara masu danƙo fa?

Kyanwa, ɗaga kaskon da nisanta shi da maɓoya. Kaji kuwa maganarsu ta fi girma. Murar tsuntsaye mai tsanani, nau'in da ake kira H5N1, a Najeriya aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006, kuma ta sha dawowa. Kada kajinka da tsuntsayen waje su haɗa mazubi. Mai gonar kaji ta kasuwanci ma kada ya jawo su kusa sam. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi yana gyangyaɗi, ko ka tsinci matattu, ka ɗauke faifai da kasko na mako biyu, ka wanke su da ruwan bilic, kada ka taɓa mushe da hannu, ka sanar da likitan dabbobi.

Yara, faɗa ba ya hana su. Na ba wani babbansu littafi da biro na naɗa shi mai ƙirga. Ya fi ni ido, kuma ya san inda kowace sheƙa take a unguwar, abin da ya sa har yanzu ban gama sakin jiki da shi ba.

Na tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa. In ɗauka in rena?

In gashi ya rufe shi yana tsalle, koyon tashi yake, iyayen suna kusa suna kallonka. Ka ɗora shi a reshe, ka kori kyanwa, ka ba da wuri. In tsirara yake, ka mayar da shi sheƙa. Zancen cewa uwar za ta ƙi shi don hannun mutum ya taɓa ba gaskiya ba ne. Kada ka ɗura masa ruwa a baki, shaƙewa zai yi. Haka hoton sheƙa: ban ga hoton da ya kai a sare ganyen da ke rufe ta ba, domin kana barin wurin hankaka zai zo.

Wannan ƙirge-ƙirgen yana da wani amfani bayan nishaɗi?

Yana da shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, da ke dajin Amurum kusa da Jos ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa kai suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird, shafin da ake shigar da tsuntsayen da aka gani, da ƙirgar tsuntsayen gida ta duniya da ake yi kwana huɗu a kowane Fabrairu, wadda aka fara a 1998 aka buɗe wa duniya a 2013. Minti 15 kawai ake nema daga gare ka.

Wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda ungulu take cika mahauta da kan rufin kasuwa. Yau yara da yawa a birni ba su taɓa ganinta ba. A 2015 aka sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don sayar da sassan jikinta. Ta ragu a gaban idonmu ba wanda yake rubutawa. In ka ga ko guda, ka rubuta wuri da rana da adadi.

Mujiya ta tare a silin ɗinmu. In kore ta?

Ni dai ba zan kora ba. Na san abin da ake faɗa a kanta, na kuma san kukan farar nan mai faffaɗar fuska yana tayar da tsigar jiki da tsakar dare. Amma ɓera take ci, kowane dare, kuma in tana da 'ya'ya sai ta yi ta jigila har asuba. In ƙara ko wari ya dame ku, ku jira 'ya'yan su tashi sannan a toshe ramin. Kada kuma a sa maganin ɓera a gidan, domin ɓeran da ya ci guba ita zai kashe.

A ƙarƙashin inda take kwana za ka ga wasu baƙaƙen dunƙule kamar girman babban yatsa. Ba kashi ba ne, abin da cikinta ya kasa narkarwa ne take amayarwa. Ka sa tsinke biyu ka buɗe ɗaya a kan takarda, ka kira yara. Gashi ne cunkus, a tsakiyarsa ga ƙoƙon kan ɓera, da haƙoransa na gaba rawaya, ko ɗaya bai karye ba. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.